Ƙaramin Tulun da Baba Ya Zaɓa

Ranar wata Talata, ana tsakiyar zafin bazara, Wanda ya ba mu aron Baba ya karɓi abinsa. Baba mahaifin mijina ne. Kwana ɗaya kacal ya yi a gadon asibiti, ya cika bayan azahar, kafin magariba an kai shi makwancinsa. Washegari gidanmu na Akurba ya cika maƙil. 'Yan'uwan Inna, matarsa, sun zo daga Obi, abokan aikinsa na da sun zo suna dogara sanda, manoman Assakio da ya taɓa koya wa kiwon tarwaɗa sun zo da doya, wai a dafa wa baƙi.

Ina zaune cikin mata ina amsa gaisuwa, kunnena kuma yana kan abin da ake faɗa a kansa. Kowa da abin da aka saba yake farawa: mutumin kirki ne, ba ruwansa da abin hannun mutane, ba a taɓa jin kansa da maƙwabci ba. Duk gaskiya ne. Amma da an shafa fatiha, sai ka ga mai gaisuwa ya karkata kai wajen ɗakin da ke kusa da rijiya, ya rage murya ya ce, "Har yanzu suna nan?" Kifayen Baba ake nufi.

Maƙwabciyarmu ta bayan gida, wata 'yar Eggon mai sayar da garin rogo, ta riƙe hannuna tana share hawaye da bakin zani.

"Maman yara, abeg ki yi haƙuri. Wannan Baba ba na ku kaɗai ba ne. Lokacin da yarinya na ya yi taifot, ba ya cin komai, ko ruwa sai da faɗa. Baba ya ce a kawo shi. Ya sa kujera gaban gilas, ya ce idan kifi ya ci, ke ma ki sha cokali ɗaya. Haka haka, sai da ya gama kunu duka. Ni na gani da ido na."

Bafulatanar da ke kawo mana nono daga rugar bayan gari ba ta ja zance ba. Ta sauke ƙwarya, ta durƙusa ta yi wa Inna gaisuwa, sannan ta juyo gare ni ta ce, "To garken fa? Wa ya bar wa?" Wasu mata suka danne dariya. Ita ba wasa take yi ba, kuma Baba ya sha faɗa cewa duk garin Lafia ita kaɗai ta gane shi makiyayi ne.

Amsar tambayarta ta zo da la'asar, daga bakin Yaya, babban ɗan Baba, wanda ke aiki a Abuja. Yaran baƙi sun dami ɗakin da shige da fice suna ƙwanƙwasa gilashi, sai ya sa kwaɗo ya rufe, ya jefa makullin a aljihu. A tsakar gida ya tsaya ya ce, "Bayan sadakar bakwai za a kwashe kayan nan. Mai so ya ɗauka. Ɗakin a gyara shi, baƙi su riƙa sauka." Mijina ya sunkuyar da kai, kamar yadda ya saba a gaban wansa.

Ni kaɗai na san abin da aka kulle. A tankin hagu akwai namiji da mace, su ne na ƙarshe da ke haihuwa a irin da Baba ya yi shekara goma sha uku yana raino. A jikin wani guntun tayil da ke cikin ruwan kuma akwai 'ya'yansu, da asubar ranar suka ƙyanƙyashe. In suka mutu, irin ya ƙare.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Na ga alamar nan da 'yan shekaru abin da zai rage na Baba a bakin mutane shi ne, "tsohon nan mai kifin da ba a ci," a yi dariya a wuce. Ban yarda ba. Na ga aikin da idona, kuma sai na faɗa.

A sashen kifi na ma'aikatar gona Baba ya yi aiki, a Jos. Shekarar da aka ba mu jiha aka dawo da shi gida, bai daɗe ba ya yi ritaya. Kowa ya zaci kududdufi zai haƙa ya zuba tarwaɗa, tunda aikinsa ke nan. Sai ga shi ya sauko daga mota rungume da bokiti, a ciki kifi biyu da ba su kai tafin hannun yaro ba. Faɗi gare su ba kauri, fikafikansu dogaye sama da ƙasa, jikinsu fari da zanen baƙi, goshinsu ruwan zinariya. Masu sayarwa enjel suke ce musu, wato mala'ika da Turanci. Baba bai taɓa yarda ya mayar da sunan Hausa ba, ya ce mala'iku sun fi ƙarfin a sa su a gilashi.

Inna ta leƙa bokitin ta ce, "Malam, wannan ko gishirin miya ba za su ji ba." Daga ranar ta sa musu suna kifin zaman banza, kuma ba ta canza ba.

Bayan shekara biyu aka kawo ni gidan. Amarya ce ni mai son a yaba mata, wadda ba ta ganin datti ta ƙyale. Sati na uku da tarewa, Baba ya tafi jana'iza Assakio, na shiga ɗakin kifi da tsintsiya. A kowane tanki akwai wani soso da ƙaramin injin iska ke busawa, duk sun yi baƙi ƙirin, suna yauƙi. Na ce yau Baba zai san an kawo mace gidan nan. Na ciro su, na dirje da garin sabulu har suka yi fes, na mayar. Kafin kwana biyu kifi bakwai sun juya ciki sama.

Na shige ɗaki na ƙi fitowa. Tsakanina da Baba a lokacin gaisuwa ce kawai, daga durƙushe, ido a ƙasa. Sai ya aiko Inna ta kira ni. Na je na tsuguna a bakin ƙofa ina jiran faɗa.

"Amarya, shigo. Miƙo hannunki."

Ya ɗora mini wani tsohon soso da ban gani ba ranar, ya ce in shinshina. Ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko yake yi.

"Wannan baƙin da kika wanke ba datti ba ne. Akwai masu rai a ciki, ido ba ya ganinsu, su ke cinye ƙazantar kifin. Kin kore mini ma'aikata. Tunda ke kika kore su, ke za ki taya ni aiki har su dawo."

Wata ɗaya ya yanka mini. Na yi shekara goma sha ɗaya. Har na haifi 'ya'ya uku bai daina ce mini Amarya ba, kuma matan unguwa ba su daina mamakin surukar da ke zama ɗaki ɗaya da uban mijinta suna gardama a kan ruwa ba.

Aikin kuwa na ruwa ne. Ba ya amfani da na famfo, saboda maganin da ake zubawa. Kullum da safe zai ja na rijiya ya cika duro, ya bar shi ya kwana, sannan ya zuƙe kashi ɗaya cikin uku na kowane tanki da tiyo ya maye da sabo. Tankunan ƙanana ne, na haihuwa, kowanne bai fi bokiti uku ba, shi ya sa ruwansu ke saurin ɓaci. In na tsaya ina kallon kifi sai ya ce, "Ki kula da ruwan, kifin ya san aikinsa." In wani ya tambaye shi ribar wannan wahala, sai ya ce ya zo gobe da safe ya ja guga ashirin, zai ba shi amsa. Ba wanda ya taɓa dawowa.

Gwiwa ce ta fara cin amanarsa. Tun yana ɓoyewa har ya kai sai ya dafa bango kafin ya ɗaga bokiti. Ni kuma ga yara ga keken ɗinki, ba kullum nake samun safiya ba. Likita ya ce ya bar ɗaukar nauyi. Zance ya zama ɗaya cikin biyu: ko a samo filtar da za ta rage canjin ruwa ya koma sau ɗaya a mako, ko a rabu da kifin.

Yaya ya ji labari, ya zo wata Asabar da ƙaton kwali a bayan mota. A ciki akwai filta irin wadda ake ajiyewa a ƙasa, wajen tanki: rufaffen mazubi mai tiyo biyu, ɗaya ya zuƙo ruwa, ya bi ta cikin soso da tsakuwa, ɗayan ya mayar. Baba tulu yake ce wa irinta, mu ma muka bi shi. Wannan tulun ya kai gwiwata tsawo. In faɗi gaskiya, don ƙauna Yaya ya kawo shi. Ya ga ubansa yana ɗingishi, ya shiga shago ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne.

Baba ya so a dakata. Yaya ya ce zai koma gobe, yana so ya ga abin yana aiki kafin ya tafi. Da kansa ya haɗa shi a tankin da ke da 'ya'ya 'yan kwana goma, ya kunna, aka kira su cin abinci. Da muka dawo, ruwan yana juyawa kamar ana dama kunu. Iyayen sun maƙale a kusurwa, fikafikansu sun yage. 'Ya'yan kuwa babu ko ɗaya. Duk tulun ya zuƙe su.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya kwance tiyo, ya tsiyaye ruwan, ya mayar da komai cikin kwali, ya ce wa mijina ya kai bayan motar wansa.

"Baba, mafi girma a shagon na ɗauko muku," in ji Yaya.

"Na gani. Mai shago ka tambaya. Da kifin ka tambaya."

Yaya ya tafi ko sallama bai yi wa ɗakin ba. Kusan shekara guda gaisuwarsu ba ta wuce ta waya ba, gajeriya, kuma Inna ta ɗora laifin a kan kifin zaman banza. Na san abin ya ci Baba a rai, don sau biyu ina jin ya fara cewa, "Da na bar masa kwalin a nan…" sai ya yi shiru. Amma taurin kai a gidan nan gado ne, ba wanda ya fara saukowa.

Iyayen da suka yage ba su ƙara haihuwa ba. Baba ya rarraba sauran kifin ga masu so, ya rage tanki biyu, ya ce sai ya samo tulun da ya dace ko da zai shekara yana nema. Ya kusa shekarar kuwa. Duk wanda zai je Jos ko Legas sai ya roƙe shi ya karɓo masa takardar bayanin filta. Idonsa ya yi rauni, ni ke karanta masa, shi kuma yana girgiza kai. Wannan ya yi ƙarfi. Wannan ba shi da makunnin rage gudu. Wannan in robar murfinsa ta tsinke sai an aika ƙasar waje.

Rannan ya ce, "Takarda ba ta isa ba. Amarya, ki nemi izinin mijinki, jibi za mu Jos."

Da gashin kaza guda uku a aljihu ya tafi. Mai shagon, wani matashi mai fara'a, ya fara jero mana manya. Baba ya ce a cika masa tanki daidai girman nasa, a haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne aka kunna, sai ya saki gashin kaza a kan ruwan ya zuba ido. In gashin ya ruga ya manne da gilashi, sai ya ce a cire. Enjel kifin ruwa mai kwanciya ne, in ji shi, mai dogon fiffike ba ya kokawa da igiyar ruwa, balle ɗansa da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Baba, wannan ƙaramin ai na yara ne," in ji mai shago, da muka zo kan na ƙarshe. "Ba ya da pawa."

"Kunna."

Tulun bai fi gwangwanin madara babba ba. Yana da ɗan makunni a jikin tiyo. Baba ya murɗa shi rabi, ya saki gashi. Gashin ya yi ta yawo a hankali, ya zaga tanki ya dawo tsakiya. Baba ya yi murmushi, amma bai ce a naɗe ba. Ya sa aka kawo robar murfi ta ajiya guda biyu. Ya gwada ɗaura guntun soso a bakin tiyon da ke zuƙa, don kada ya ja 'ya'ya, ya ga ruwa yana wucewa. Sannan ya juyo gare ni.

"Buɗe shi."

Na ɓalle maƙallan guda huɗu, na ɗaga murfi.

"Rufe. Sake buɗewa. Da hannu a jiƙe."

Sau biyar ya sa ni. Ya sa na gwada wani mai kama da shi, wanda murfinsa sai an murɗa da ƙarfi, na kasa. Mai shago yana ta dariya, ni kuma kunya ta ishe ni. A mota, muna gangarowa daga kan dutse, tulun yana kan cinyata, na ce, "Baba, da kun gwada da hannunku, ai ku za ku riƙa buɗewa."

Yana kallon taga ya ce, "Ba don hannuna na zaɓa ba."

Na ƙara rungume tulun. Na gane abin da aka ɗora mini, kuma ban ce ba zan iya ba.

Tulun ya yi aiki yadda ake so, sai dai yana da doka ɗaya, wadda Baba ya maimaita mini har na haddace. Abu ne rufaffe, masu ran da ke cikinsa da gudun ruwa suke numfashi. In aka ɗauke wuta ta wuce rabin yini, sai su mutu su ruɓe a ciki. In wutar ta dawo, wannan ruɓaɓɓen ruwan tulun zai fara turawa cikin tanki. Don haka da wuta ta daɗe, a zare filogi, a buɗe, a ɗauraye da ruwan tanki kafin a mayar. A garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, kusan kowane mako sai mun yi.

Sababbin iyayen da ya haɗa sun ba mu wahala. Sau shida suna yin ƙwai suna cinyewa. Ran Lahadin ƙarshe suka jera na bakwai a kan tayil, suka tsaya a kai suna yi musu fifita da fikafikai, suna karɓa-karɓa. Baba ya ja kujera ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan karon sun yi hankali." Litinin da safe wutar unguwa ta lalace gaba ɗaya. Da hantsi Baba ya faɗi a bakin rijiya.

Na manta da filogin. Ba ni da wani uzuri. Na bi shi asibiti, na dawo da gawa, na leƙa ɗakin ran Laraba da asuba na ga 'ya'ya sun ƙyanƙyashe, na yi kuka na fito, kuma ko sau ɗaya tulun bai faɗo mini a rai ba.

Ran Alhamis aka yi sadakar uku. Maza suna ƙofar gida ƙarƙashin rumfa, mata mun cika tsakar gida da falo, zafi kamar a gasa mutum. Liman ya fara addu'a, muna amsawa daga ciki. Ana cikin haka sai fankar falo ta motsa. Bayan kwana uku, an kawo wuta. Mata suka yi ajiyar zuciya, wata gwaggo daga Obi ta ce, "Alhamdu lillahi, albarkacin mamaci." A waje aka jona lasifika, muryar liman ta cika unguwa.

Ni kuwa sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ɗaki a kulle, makulli a aljihun Yaya, tulu yana aiki.

Na miƙe. Na tsallake ƙafafun mata, na taka tabarmar surukaina, na isa jikin mita, na kama babban makunnin gidan na ja shi ƙasa. Fanka ta tsaya. Lasifika ta mutu a tsakiyar addu'a. Kowa ya ga wadda ta yi.

"Ke! Lafiyarki?" in ji gwaggon.

Ban tsaya ba. Na gyara mayafi na fita ƙofar gida, inda mace ba ta da abin yi a irin wannan rana. Na ratsa maza har gaban Yaya, na durƙusa.

"Yaya, makullin ɗakin Baba."

Ya dube ni kamar bai san ni ba. A hankali, don kada a ji, ya ce, "Ana yi wa mahaifina addu'a kika kashe wuta saboda kifi?"

"Saboda abin da ya bar mini. Ka ba ni, in an gama ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama."

Da ya hana ni, da taɓarya zan fasa kwaɗon, kuma ina jin ya ga haka a fuskata. Liman, wanda ya san Baba shekara da shekaru, ya ce, "Alhaji, ba ta. Allah yana ji ko ba lasifika." Yaya ya miƙo makullin ba tare da ya kalle ni ba.

Ina buɗe ƙofa wari ya tare ni. Bai fi minti uku tulun ya yi yana aiki ba, amma ruwan ya yi hazo, iyayen suna sama suna haki. Na zare filogi, na cire tiyo, na fito da tulun tsakar gida na ɓalle murfin. Warin baragurbi ya tashi, mata suka toshe hanci suna ja da baya. Na bar shi nan, na koma na fara zuƙe ruwan tanki. Sai a lokacin na ga duron ajiya ya kusa ƙarewa, baƙi sun yi alwala da shi. Abin da ya rage bokiti ɗaya ne. Na zuba shi, na ɗauki guga na nufi rijiya. Gara ruwan da bai kwana ba da guba.

Ina guga na uku aka karɓe igiyar daga hannuna. Yaya ne. An shafa fatiha, ya shigo da niyyar faɗa, na gani a tafiyarsa. Amma ya bi ta kan tulun, ya ji warin, ya leƙa ɗaki ya ga abin da ke manne a jikin tayil, ƙanana kamar zare suna motsi. Ya taɓa ganin irinsu sau ɗaya, ranar da ya kawo kwalinsa.

Ya naɗe hannun farar rigarsa ya ce, "Nawa ake bukata?"

"Shida. A zuba a hankali, ta jikin gilashi."

Ya ja, na zuba. A guga na biyar na ga kafaɗarsa tana girgiza, na kau da kai na ba shi wuri. Tun da aka yi rasuwar ban ga ya yi kuka ba sai a bakin rijiyar nan.

Macen kifin ba ta kai la'asar ba. Na tsame ta da hannuna na binne a gindin lemo, kuma har yau in na tuna filogin nan sai zuciyata ta yi zafi. Namijin ya farfaɗo. Ya koma kan tayil shi kaɗai, in ɗa ya faɗo ya ɗauke shi da baki ya mayar. Na wanke tulun da ruwan ɗaya tankin, na ɗebo tsohon soso daga can na sa masa, na mayar da shi a rabin gudu. Kwana huɗu ina canza ruwa safe da yamma. Gidan kuma ya rabu biyu a kaina: masu cewa ba ni da kunya, da masu cewa aljanun kifin ne suka kama ni. Yaya bai janye maganarsa ta kwashe ɗaki ba, ni ma ban roƙe shi ba. Makullin dai bai karɓa ba.

Ran Litinin, safiyar sadakar bakwai, na shiga da bokiti. Tayil ɗin babu kowa. Sai na ɗaga ido na gan su a tsakiyar ruwa, sun tashi, sun yi gungu kewaye da ubansu, duk inda ya juya su juya. Sun fi ƙarfin ƙirga.

Ban san lokacin da na leƙa ƙofa na ɗaga murya ba.

"Baba! Sun tashi!"

Tsakar gida cike da mata ana dafa abincin sadaka. Kowa ya tsaya cak. Na ji abin da na faɗa, na dafa ƙofa.

Labulen ɗakin Inna ya motsa. Ta fito cikin kayan takaba, ta ratsa mata a hankali, ta wuce ni ta shiga. Ta daɗe a gaban gilashin, hannunta a baya. Yaya ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Duk waɗannan nasa ne?" in ji ta.

"Nasa ne, Inna."

Ba ta waiwayo ba ta ce wa Yaya, "Baƙinka su kwana a falo." Sannan ta ce da ni, "Me suke ci?"

"Gwaiduwar ƙwai, a dama ta da ruwa."

"To me kike tsaye yi? Share fuskarki ki ɗora ƙwai."

Allah ya yi wa Baba rahama, ya sanyaya makwancinsa fiye da yadda ya sanyaya wa waɗannan bayin ruwansu, ya yafe mini mantuwata. Na je na ɗora ƙwan.